Lambun da Mai Saye Zai Tsinka da Hannunsa: Yadda Ake Tsara Shi a Ƙasar Kano da Jigawa

Ƙanena ne ya turo mini wani bidiyo a WhatsApp. Lambun tuffa ne a Turai, bishiyoyi gajeru a jere kamar sahun salla, iyali suna bin layi da kwanduna suna tsinka, a bakin ƙofa a auna musu su biya. A ƙasan bidiyon ya rubuta: "Yaya, me zai hana mu yi irin wannan a gonar Baba?" Na ce masa tsarin zai yi, amma tuffar ce ba za ta yi ba. Da yake ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba, ga amsar dalla-dalla.

Tuffa bishiyar ƙasar sanyi ce. Kafin ta yi fure sai ta yi barci a cikin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7 na ɗaruruwan sa'o'i, wasu nau'o'in ma har fiye da sa'a dubu. Hunturun Kano, duk da yadda muke ƙudundunewa a bargo, galibi ba ya kaiwa can, sannan ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana ƙona fatar 'ya'yan. Shi ya sa a Najeriya sai a tuddan Filato da Mambila ake jin labarin noman ta, kuma mafi yawan wadda kake gani a kasuwar 'Yan Lemo daga waje ake shigo da ita, musamman Afirka ta Kudu. Akwai nau'o'in da ba sa buƙatar sanyi sosai, kamar Anna da aka samar a Isra'ila da Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas, kuma ana dasa su tare don su yi wa juna barbara. In ranka na so, dasa goma ka gwada. Amma kada ka ɗora jarinka a kansu.

Abin da za mu ara daga masu tuffa

Sirrin lambun nan na bidiyo shi ne gajartar bishiya. Suna aura tuffa, wato su haɗa reshenta a kan wani gindi mai hana ta tsawo, wanda aka fi sani shi ne M9 daga cibiyar bincike ta East Malling a Ingila, su dasa a tazarar mita ɗaya, tsakanin layi da layi mita uku da ɗoriya, su ɗaure ta a jikin waya. Hekta ɗaya sai ta ɗauki bishiya kusan 3,000. Mu kuwa mun saba da mangwaro mita goma-goma, bishiya 100 a hekta, kowacce ta fi soron gida tsawo, sai da gora ko jifa ake samun ɗanta. Irin wannan ba ya karɓar baƙi. Ba za ka ce wa Hajiya da jikokinta su hau bishiya ba, kuma ranar da ɗan wani ya faɗo daga reshe, ranar kasuwarka ta watse.

Manoman Indiya, waɗanda zafinsu ya yi kama da namu, sun riga sun ɗauko wannan dabara sun sa wa mangwaro da gwaiba. Suna dasa mangwaro mita 3 da mita 2, sama da bishiya 1,600 a hekta, gwaiba kuma har mita 2 da mita 1, wato 5,000 a hekta. Su galibi almakashi ne ke yi musu aikin hana bishiya tsawo. Mu ma shi zai yi mana. Sai dai ba za mu matse kamarsu ba, domin su leburori ne ke shiga layinsu, mu kuwa iyali muke gayyata, da goyo da mayafi da yara masu guje-guje.

Mataki na farko: wurin

Wanda zai kai kaya kasuwa yana iya noma a ko'ina. Kai da kake jiran mutane su zo, dole gonar ta kasance inda ƙaramar mota za ta isa ko a tsakiyar Agusta. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya daga birni ba ita ce daidai: hanyar Zariya wajen Kura da Garun Malam, hanyar Bichi, hanyar Wudil, ko kewayen Dutse da Kazaure da Ringim ga mutanen Jigawa. Mutum ya fito bayan azahar, ya yi abin da ya kawo shi, ya koma gida kafin magariba.

Kafin ka sayi ko dashe ɗaya, haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a wurare huɗu ko biyar cikin gonar. In ka ci karo da marmara kafin rabin mita, wurin bai dace da mangwaro ba. Cika ramin da ruwa da yamma, ka dawo da safe. In ruwan na nan kwance, saiwa za ta ruɓe da damina, sai dai ka ɗaga kunya mai tudu ka dasa a kai. Ƙasar jigawa mai ɗan laka ita ce ta fi, tunda ruwa da taki kai za ka riƙa ba ta.

Tambayi tarihin gonar kuma. In an shekara da shekaru ana tumatir ko kuɓewa ko attaruhu a wurin, kamar yadda yake a filayen noman rani na Kadawa da Bunkure, tumɓuke 'yan tsirrai ka duba saiwarsu. Ƙulle-ƙulle kamar carbi alama ce ta tsutsar saiwa wadda ido ba ya gani, kuma gwaiba ba ta da maƙiyi kamarta: bishiya sai ta yi shekara biyu lafiya, sannan ganye ya yi ja, ta bushe a tsaye. Irin wannan wuri a ba wa mangwaro, a kai gwaiba wani gefen.

Sauran na zaman lafiya ne. Takardar gona ta zama a hannu da sa hannun dagaci, domin bishiya ba gero ba ce da za a girbe a tashi, kuma gonar gado da ba a raba ba kada ka soma. In burtali ya bi ta gefen gonar, bar masa faɗinsa.

Mataki na biyu: ruwa, kuma a nan ne yawanci ake faɗuwa

Daminarmu wata huɗu ce, Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas kai ne hadarin lambunka. Bishiyoyin da aka matse saiwarsu ba ta yin nisa, saboda haka ba sa jure ƙishi irin na tsohon mangwaron bakin rafi.

Ga lissafin da nake yi. A tsananin bazara, rana da iska suna ɗauke wajen lita 7 daga kowace murabba'in mita na ganye a yini. Gwaiba da ta girma, inuwarta ta rufe kamar murabba'in mita huɗu, tana son kusan lita 28 ke nan a rana. Mangwaro ya ɗan fi haka. Lambun da zan zana a ƙasa yana da bishiya 545, don haka a Maris da Afrilu, in sun girma, ka shirya wa lita 15,000 zuwa 20,000 kullum. A shekarar farko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ma ya isa, kuma wannan ne ke ruɗin mutane, su ga rijiya na wadatarwa, sai a shekara ta huɗu ta gaza.

Gwada rijiyarka a watan Afrilu, ba a Oktoba ba. Kunna famfo ya yi awa shida, ka riƙa auna minti nawa yake cika durom mai lita 200 a farko da kuma a ƙarshe. Yawancin ƙasar Kano, musamman kudu da yamma, dutse ne a ƙarƙashi, rijiyar burtsatse ba ta cika ba da ruwa mai yawa ba. Gabashi da arewa maso gabashin Jigawa, wajen Haɗeja, yashi ne mai riƙe ruwa, abin ya fi sauƙi. Wanda ke kusa da magudanar ruwan Tiga ko dam ɗin Watari ko na Tomas ya samu gata, amma shi ma ya yi tanadin tanki ko tafki, don akwai lokacin da ake rufe ruwa a yi gyara.

Ban-ruwa na ɗigo shi ne ya dace, ba malale ba. Ba don tattalin ruwa kaɗai ba: layin da aka malala ruwa ya zama caɓi, kuma babu mai shiga caɓi da takalmin zuwa unguwa. Famfon sola ya tura ruwa tankin da ke kan ƙarfe mai tsayin mita uku zuwa huɗu, daga nan ya bi ta matata, ya shiga babban bututu, ya rarrabu zuwa siraran tiyo a gindin kowane layi. Kada ka yi rowar matata. Yashi kaɗan ya isa ya toshe ramukan ɗigo, kuma ba za ka sani ba sai ka ga bishiyar ƙarshen layi ta yi yaushi. Babban bututun kuma a binne shi, musamman inda mutane da baro za su riƙa tsallakawa.

Mataki na uku: zana filin a takarda

Mu ɗauka hekta ɗaya ce, mita 100 kowane gefe, ƙofa tana kudu. In taka ta fi haka ko ba ta kai ba, sai ka daidaita.

Cire mita 20 na gaba gaba ɗaya, kada ka dasa komai na sayarwa a ciki. Na san zai yi maka ciwo ka bar kashi ɗaya cikin biyar na gona babu amfani, amma nan ne wurin ajiye motoci da babura, rumfar awo, rumfar hutawa, wurin alwala da salla, da banɗaki biyu, na mata daban kuma nesa da idon maza. Magidanci ba zai sake kawo iyalinsa wurin da matarsa ta rasa inda za ta kewaya ba, komai zaƙin gwaibarka. Banɗakin ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30.

Bar mita 6 a sauran gefuna uku tsakanin shinge da bishiyar farko. Sannan ka tsaga hanya mai faɗin mita 5 daga ƙofa ta miƙe arewa, da wata mai mita 6 ta gitta ta a tsakiya daga gabas zuwa yamma. Yanzu kana da fage huɗu, kowanne kusan mita 41 a faɗi, 34 a tsawo. Amfanin wannan shi ne babu layin da ya wuce mita 34. Mai kwando cike ba ya son doguwar tafiya, kuma yaronka da ke tsaye a bakin layi yana hango ƙarshensa.

Layuka su miƙe kudu da arewa, don rana ta haska gefen gabas da safe, na yamma da la'asar, 'ya'ya su nuna ta ɓangare biyu. Tsakanin layi da layi mita 4 a duk fagagen, layi goma a kowane fage. Idan rassa suka buɗe, abin da zai rage na tafiya bai fi mita biyu ba, daidai mutum biyu su wuce juna ba tare da gogayya ba. A cikin layi kuwa: gwaiba mita 2, bishiya 17 a layi, 170 a fage, mangwaro mita 3, bishiya 11 a layi, 110 a fage, magarya mita 4, bishiya 8 a layi.

Wajen kafa turaku, kada ka yarda da ido. Sami igiya mai mita 12 ka yi ƙulli ka raba ta gida uku: mita 3, da mita 4, da mita 5. In ka haɗa su suka yi kusurwa uku, kwanar da ke tsakanin 3 da 4 ta miƙe sak, yadda magina ke yi. Layin da ya karkace tun farko haka zai zauna shekara ashirin, tiyo ma ba zai kwanta daidai ba.

Shinge kafin dashe, ba bayansa ba. Da an gama girbi aka saki dabbobi, lambunka ne kaɗai kore a duk karkarar, kuma akuya ɗaya ta isa ta gama da layi guda kafin a idar da sallar azahar. Wayar raga a ƙasa, mai ƙaya a sama, a bi bayanta da aguwa ko lalle. Ta gabas da arewa, inda iskar hunturu da guguwar farkon damina ke fitowa, a dasa zogale a matse, a kafa zana kafin ya tashi. Darbejiya tana tare iska sosai, amma saiwarta da inuwarta za su cinye layin farko in ba ka ba ta mita goma ba.

Mataki na huɗu: me za a dasa

Mai kai kaya kasuwa yana son komai ya nuna lokaci ɗaya ya cika mota. Kai akasin haka kake nema: kaɗan-kaɗan, kowane mako, wata da watanni. Lambun da ke buɗe mako uku a shekara mutane za su manta hanyarsa.

Fage biyu na gaba, kusa da ƙofa, na gwaiba ne, bishiya 340. Ita ce za ta riƙe lambun. Tana fara 'ya'ya a shekara ta biyu in mai aure ce, tana karɓar aski, yaro ɗan shekara biyar yana iya tsinkarta, kuma tana yin fure a sabon toho, wato kai ne ke zaɓa mata lokaci. Haɗa fara mai girma da mai jan ciki, kowacce a layinta.

Fage ɗaya da rabi na baya mangwaro, bishiya 165. Julie ita ce ta fi dacewa da matsi domin ba ta da tsawo tun asali. Ƙara da Kent da Keitt waɗanda ke nuna a makare, bayan na gida ya ƙare a kasuwa. Sai dai ka sani na makaren suna haɗuwa da farkon damina, lokacin da ƙudan 'ya'yan itace ke yawa. Layi ɗaya ko biyu na irin da mutanenmu suka sani da suna, kamar binta siga, ba laifi, don akwai wanda shi zai tambaya tun daga ƙofa, amma ka shirya yi masa aski sosai.

Ragowar rabin fagen, layi biyar, bishiya 40, na ba wa magarya mai aure. Wannan ita ce amsar da na ba ƙanena da ya nace sai tuffa. Nau'o'in Indiya ne, irin su Gola da Umran, da ake aurawa a kan magaryarmu ta daji, kuma cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa su a Nijar har ake ce musu tuffar Sahel. 'Ya'yan sun kai ƙwan kaza ƙarami, ana cin su ɗanye suna ƙaras-ƙaras, suna nuna da hunturu lokacin da babu mangwaro, kuma bishiyar ba ta damu da zafi ba. Aibinta ƙaya, shi ya sa na kai ta can baya, kuma ba a barin ƙananan yara su shiga su kaɗai.

Kada ka sayi dashe a bakin titi don araha. Na taɓa sayen gwaiba ɗari a wurin wani mai reno da ya rantse mini duk masu aure ne, sai da suka yi 'ya'ya na gane fiye da rabi daga ƙwallo aka shuka su, kowacce da irin nata ɗan. Duba tabon auren da idonka, zare leda ɗaya ko biyu ka ga saiwar ba ta nannaɗe ba kuma ba ta da ƙulli. Tambayi malaman gona na KNARDA ko JARDA, wato hukumomin raya aikin gona na Kano da Jigawa, ko tashar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda, su nuna maka inda ake samun na ƙwarai. Sayi ƙarin kashi ɗaya cikin goma don cike gurbin waɗanda za su mutu.

Mataki na biyar: dashe

Haƙa ramuka tun watan Mayu, santimita 60 a faɗi da zurfi, ƙasar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a ɗaya gefen. Cakuɗa ta saman da bokiti ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, ka mayar, ka bar ruwan farko ya kwantar da ita. Ɗanyen taki gara yake kira. Dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli in damina ta zauna, da yamma, tabon aure ya kasance kamar tafin hannu ɗaya a saman ƙasa. Kafa sanda ka ɗaure da tsumma, ba da waya ba. Shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa kewaye, amma kada ta taɓa jikin bishiyar.

Bayan wata ɗaya da rabi ka fara ba da takin zamani NPK 15-15-15, cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ga kowace bishiya duk wata biyu, a zagaye nesa da gindi, kana ƙarawa yadda take girma. Shekara biyun farko shuka gyaɗa a tsakanin layuka ta rage maka kuɗin ɗawainiya. Ban da dawa da masara masu inuwa, ban da tumatir da kuɓewa.

Mataki na shida: aski

A nan ne lambun zai zama abin da ka zana ko ya koma kurmi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wahalar ba ta hannu ba ce, ta zuciya ce: mutum ya ga dashensa ya yi kyau ya kai ƙugu, a ce ya datse kansa.

Gwaiba, in ta kama ƙasa ta kai wata biyu zuwa uku, datse ta a tsayin gwiwa, wajen santimita 50 zuwa 60. Za ta fito da toho da yawa. Zaɓi uku ko huɗu da suka fuskanci ɓangarori daban-daban, cire sauran. Bayan wata uku ko huɗu, rage rabin tsawon kowanne, su ma su yi rassa. Haka za ka yi ta yi har ta zama kamar buɗaɗɗiyar lema. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure, cire shi ranar da ka gan shi.

Mangwaro a datse shi a santimita 70 zuwa 80, a bar rassa uku ko huɗu, kowane reshe in ya yi toho hawa biyu a tsinke kansa. Furen shekara ta farko da ta biyu a cire shi duka, ko da maƙwabta za su ce ka haukace. Daga shekara ta uku ko ta huɗu ya fara ba da na sayarwa. Da an gama tsinka, cikin mako biyu, a yi masa askin shekara: a sauke kansa, a rage gefen da ya shigo hanya, a buɗe tsakiya rana ta shiga. In ka makara har Agusta, sabon tohon ba zai ƙosa ya yi fure da hunturu ba. Bishiyar da ta girma kuma a janye mata ruwa daga ƙarshen Oktoba har sai fure ya fito, sannan a dawo da shi. Magarya ita aski mai tsanani take so da bazara, bayan ta zubar da ganye.

Ma'aunin tsawo ɗaya ne ga duka: yanki gora mai mita biyu da rabi ka ajiye a rumfa. Duk reshen da ya wuce ta, a sauke shi.

Dabarar raba lokaci tana wurin gwaiba. Daga aski zuwa nuna wata biyar ne zuwa shida. Yi wa fage na farko aski a Yuni, ya nuna wajen Nuwamba da Disamba. Na biyu a Satumba, ya nuna wajen Fabrairu da Maris, ya miƙa wa mangwaro. A cikin kowane fage ma kada ka yi wa layi goma rana ɗaya, yi biyu-biyu duk mako. Gwaibar rani ta fi ta damina zaƙi, kuma ta fi tsira daga tsutsa. Rubuta ranar askin kowane layi da ranar da ya nuna, domin bayan shekara biyu littafinka zai fi wannan lissafi nawa daidai da gonarka.

Ƙuda da feshi

Tsutsar da kake gani a cikin gwaiba ƙwan wani ƙuda ne da ke huda fata ya saka. Mai saye da ya gutsura ya ga tsutsa a gaban 'ya'yansa ba zai yi shiru ba. Tsince duk ɗan da ya faɗi kullum da safe, a ɗaure a baƙar leda a ajiye a rana na wasu kwanaki, ko a binne da zurfin rabin mita. Rataya tarkon gorar ruwa mai ɗauke da sinadarin metil yujinol, wanda ke janyo mazan ƙudan, a gefen lambu da tsakiyarsa. Manyan gwaiba da mangwaron makare a sa musu jakar takarda tun suna ƙanana. Aiki ne, amma gajeriyar bishiya ta sauƙaƙa shi.

Mutanen da za su zo za su ci a gindin bishiya ba tare da wankewa ba, duk abin da ka rubuta a allo. Saboda haka layin da aka yi wa feshi a ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, ba ya buɗewa sai kwanakin da aka rubuta a jikin robar maganin sun cika. Ciyawar hanya a riƙa nome ta ƙasa-ƙasa saboda maciji da kunama, a kuma zagaya a duba gidan rina kafin a buɗe ƙofa.

Ranar da baƙi za su zo

Kada ka buɗe kullum. Yammacin Juma'a, Asabar da Lahadi sun isa, sauran kwanakin 'ya'ya su samu su nuna. Ranar Laraba ka zagaya ka ƙiyasta abin da ya nuna, sannan ka sanar a WhatsApp da Facebook da hoton da ka ɗauka a ranar. In kwando talatin ne ya nuna, kada ka gayyaci mota hamsin. Makarantun boko da Islamiyyu a ba su wata rana daban, kowane malami da yara goma.

Batun ci a cikin lambu shi ne kowa ke tambaya. Ba za ka iya hanawa ba, kuma mai gadi da ke bin mutane da harara ya fi ɓarnar tsada. Abin da ya fi shi ne kuɗin shiga kaɗan ga kowane mutum, a gaya masa a fili cewa na abin da zai ɗanɗana ne, abin da ya fito da shi kuma a auna a kilo. Kwandunan naka ne, girmansu ɗaya, an san nauyinsu. Sikeli ya fuskanci mai saye, farashi a rubuce a allo da Hausa, don kada a tsaya ciniki layi ya taru. Gwada na'urar POS a rumfar tun kafin ranar, domin akwai ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis.

A bakin kowane layi da aka buɗe, mai koren ƙyalle, yaro ɗaya ya tsaya ya nuna yadda ake yi: gwaibar da korenta ya fara haske ita ake ɗauka, a murɗa, ba a fizga ba. Mangwaro da almakashi ake yanke shi a bar ɗan guntun hanci, domin ƙaron da ke tsartowa yana ƙona fata, yana kuma ɓata jikin ɗan. Fara buɗe layukan nesa da safe, na kusa da ƙofa a ajiye wa tsofaffi da masu zuwa a makare. Yaran da za ka ɗauka aiki su zama 'yan ƙauyen, kuma kwandon farko na kowace kaka a kai wa mai unguwa da liman da maƙwabtan gona.

Ranar Litinin da sassafe a bi layukan da aka buɗe, a tsinke duk abin da ya nuna aka bari, mai kyau a kai 'Yan Lemo ko kasuwar ƙauye mafi kusa, wanda ya fashe a binne. A yanke rassan da aka karya, a duba tiyon da aka taka, a rubuta kilo nawa kowane layi ya bayar, sannan a mayar da jan ƙyalle a bakinsu har mako biyu.